Tsuntsun Ilisha da Fensirin Mai Girma

Jama'a, yau da ƙafa na dawo gida ina tura babur. Ɗan ragowar man da na yi kwana biyu a layi kafin in samu, shi na ƙona na kai Hussaina, matar marigayi ƙanena, wurin rabon takin zamani. Muka tafi da igiyar ɗaure buhu biyu, muka dawo da igiyar. A daidai kwanar Gazara babur ya yi tari sau uku ya ce ga garinku nan. Ita tana gaba da takalmi a hannu, ni ina baya ina zuba gumi, ga wani mai kaki a shinge yana neman takardun babur ɗin da ba ya tafiya. In kun tambaye ni wa ya jawo mana, zan ce wani tsuntsu ne da ba ya tashi, da abokina Ilisha da bakinsa ba ya rufuwa.

Ilisha ɗan Likoro ne, tare muka yi firamare. Shekara goma sha takwas yana buga tafireta a ofishin kwamitin rabon taki na yankinmu. Ba ya shan taba, ba ya cin goro, ko ƙwallo ba ya kallo. Da aka ga ba shi da abin maye, sai aka jarrabe shi da kwamfuta.

Kwamfutar wasu Turawa masu taimakon manoma ne suka ba ofishin. Shekara biyu tana lulluɓe da leshi, da fulawar roba a kanta, domin ba a taɓa kayan hukuma sai an ƙaddamar. Ranar ƙaddamarwa, a wannan zamanin da aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu, mota goma sha huɗu na ƙirga da idona. Shugaban kwamitin, wanda saboda ladabi zan kira Mai Girma Uban Taki, ya yanke ƙyalle, aka yi tafi, aka danna. Ta yi ƙara ɗaya ta yi shiru. Ashe zaman banza ya kashe manhajar da ta zo da ita, wato abin da ke tuƙa na'urar daga ciki yadda direba ke tuƙa mota. Mai Girma bai damu ba, an riga an ɗauki hoto.

Wani ɗan cocin su Ilisha da ke koyarwa a Zariya ne ya ba shi faifai ɗaya mai sheƙi, ya ce akwai wata manhaja a ciki, Linuks sunanta, gwada ta. Ilisha ya yi sati uku yana fama, duk sanda aka kawo wuta sai ya yar da tafireta ya ruga. Rannan gawa ta buɗe ido. Tun daga ranar muka rasa zaman lafiya a teburin Maiwada mai shayi.

"Usmanu, kyauta ce!" in ji Ilisha, yana riƙe min hannun riga kada in gudu. "Ba kamfani ne ya yi ta ba. Mutane ne a ƙasashe barkatai, ba su ma san juna ba, kowa ya kawo nasa gyaran. Cikinta a buɗe yake, duk mai so ya leƙa."

Maiwada ya tsaya da sheƙa shayi. "Malam Ilisha, to wa ya ci kwangilar?"

"Babu kwangila."

"Wa ke da ita?"

"Kowa da kowa."

"A'a, ka dai sake bincike. Rijiyar bakin kasuwa ma ta kowa da kowa ce. Je ka leƙa ka ga abin da ke ciki."

Ilisha bai ji ba. Ya zaro hoto daga aljihu, wai alamar manhajar: wani tsuntsu mai tumbi, baƙin baya, farin ƙirji, a zaune kamar ya gama da tuwon biki. Ya ce a ƙasar ƙanƙara yake, ba ya tashi. Maiwada ya ce in dai tumbi ne da rashin tashi, ai ba sai an je ƙasar ƙanƙara ba.

Kada ku ɗauka shi kaɗai ne. Akwai Zainulabidin mai shagon buga takardu a Ikara, shi ma yana da tasa manhajar ta kyauta, 'yar'uwar ta Ilisha ce ma, in ji waɗanda suka sani. Duk faɗin Ikara da Makarfi da Kudan su biyu na sani masu wannan ciwo, kuma ba sa ga maciji. Zainulabidin ya ce ta Ilisha kwashe-kwashe ce, Ilisha ya ce ta Zainulabidin ta masu girman kai ce. Sun haɗu a jana'iza a Kudan kwanan baya, ko gaisawa ba su yi ba.

Yanzu bari in gaya muku yadda ake rabon taki a wurinmu, domin 'yan birni su ƙaru. Kowace damina ana rubuta sunayen manoma a babban littafi, kuma da fensir ake rubutawa. Hikimar manya ke nan: ɗan Adam ajizi ne, yana iya kuskure, shi ya sa kowane tebur yake da kilina, wato abin goge fensir. Abin mamaki, kuskuren kullum a kan sunan wanda ba shi da kowa yake faɗawa. Shekara uku tun rasuwar ƙanena ana rubuta Hussaina ranar Litinin, kafin Alhamis an gano kuskure ne. Gona ɗaya gare ta, da 'ya'ya biyar. Bana masararta ta kai gwiwa, ganyen ya fara rawaya, in ba ta sami taki cikin satin nan ba, kara za ta girbe.

Bana Ilisha ya ce an gama da fensir. Ya zuba sunayen manoma duka a cikin kwamfuta, unguwa-unguwa. Ya sa na kawo Hussaina, ya nuna mata sunanta a allon na'urar, fari a kan baƙi, lamba ɗari biyu da sha biyu. Yaƙi da jahilci kawai ta yi, amma sunanta ta san shi. Ta goge yatsa a zane ta taɓa gilashin.

"Malam Ilisha, wannan ba ya gogewa?"

"Maman Zulai, je ki nemi igiya."

Wallahi na yi murna ranar. Har na saya masa shayi mai madara, na zauna na saurari wa'azin tsuntsu na awa ɗaya ban yi hamma ba.

Saura kwana biyu rabo, Mai Girma Uban Taki ya leƙo ofis da rana tsaka da 'yar takarda a aljihu. Ilisha da bakinsa ya ba ni labarin. Mai Girma ya ce akwai 'yan kurakurai da za a gyara, kamar guda tamanin. Ya tambaya ko na'urar tana yarda da gyara.

A nan ne nake so ku lura. Da ni ne, ko kai mai karatu, sai mu ce tana yarda, ranka ya daɗe, mu sunkuyar da kai, ko mu ce ta lalace sai jibi, mu ja lokaci har a yi rabo. Amma mai ciwon kwamfuta, in ka tambaye shi abu ɗaya sai ya nuna maka goma. Ilisha ya ga babban mutum ya nuna sha'awa, abin da ya yi wata shida yana jira. Ya jawo masa kujera.

"Ranka ya daɗe, tana yarda mana! Ga ma abin da ya fi daɗi. Na tsara ta yadda duk wanda ya cire suna, sai ta rubuta wane ne, da ranar, da ƙarfe nawa, da sunan da aka cire. Ko bayan shekara goma aka tambaye ta za ta faɗa. Bari in nuna maka."

Ya kuwa nuna masa. Ya cire suna ɗaya, ya mayar, ya buɗe wurin da na'urar ta ba da shaida a kansa. Yana yi yana murmushi kamar mai nuna sabon ɗa. Mai Girma ya daɗe yana kallo, sannan ya mayar da 'yar takardarsa aljihu.

"Ilisha, lalle ka yi ƙoƙari," in ji shi. "Ƙasa tana bukatar irinku."

Ilisha ya zo teburin shayi yana ba mu labarin yabon da aka yi masa. Maiwada ya dube ni, na dube shi. Ranar Maiwada bai karɓi kuɗin shayin Ilisha ba, don tausayi.

Washegari aka kafa kwamitin bincike, domin hukuma ba ta wasa da tsaron kayanta. Kafin azahar sun gama aiki, abin da ban taɓa gani ba. Sun gano cewa an shigar da wata manhaja cikin na'urar ofis wadda ba ta da rasiɗi, ba ta da ɗan kwangila, ba a san iyayenta ba. An umarci a kashe na'urar har sai an kawo ƙwararru daga birni su wanke ta. An kwafe sunayen cikin babban littafi da fensir, an mayar da leshi da fulawa. Ilisha kuma, saboda ƙwazonsa, an ɗaga shi daga tafireta zuwa bakin ƙofa, yana duba masu shiga da fita.

Haka muka isa yau da safe. Akawu ya buɗe babban littafi, ya bi da yatsa har ɗari biyu da sha biyu, ya karanto sunan wani Alhaji Ashafa. Na san mutumin. Rabonsa da riƙe fartanya tun kafin a haifi Hussaina, amma yana da shago a kasuwa, kuma gobe za ku ga taki a ciki.

"Malam, ɗaga takardar," in ji Hussaina.

Akawu ya ɗaga don ta rabu da shi. Haske ya ratsa. Wurin ya yi sirara saboda guga, kuma a ƙarƙashin Alhaji ana iya ganin sawun sunanta, domin wanda ya kwafe shi daga na'urar ya danna fensirin da ƙarfi. Ba ta yi kuka ba. Ni ne kunya ta kama, ga ni namiji da gemu, na kasa ce wa akawu ko uffan saboda akwai mai bindiga a bakin sito.

A bakin ƙofa Ilisha ya tare mu. Ya rame cikin kwana biyu. Ya waiga hagu da dama, ya zaro ɗan ƙaramin faifai baƙi mai kusurwa huɗu daga aljihun da hoton tsuntsu yake.

"Maman Zulai, na kwafe kafin su kashe. Sunanki yana ciki, lamba ɗari biyu da sha biyu. Wannan babu mai goge shi."

Ta juya shi a hannu. "Malam Ilisha, daka shi ake yi a barbaɗa a gindin masara, ko jiƙawa?"

Na ce wa Ilisha ai na'urar Zainulabidin za ta iya buɗe shi, a buga a takarda a kai gaba. Ya ce za ta iya, amma shi ba zai kai faifansa gidan masu girman kai ba. Sai ya dubi fason ƙafar Hussaina, ya ce to, ranar kasuwar Ikara zai je, in an sami mai. Hussaina dai ta ƙulle faifan a bakin zanenta, inda take ƙulle abin da take tsoron ya ɓata. Ranar kasuwar saura kwana biyar. Ban sani ba ko masara ta iya jira.

Saboda haka masu gardamar wace manhaja ta fi, ku huta. Tamu ta fi ta kowa: ba ta son wuta, ba ta son janareto, ba ta taɓa tuna wanda ya taɓa ta. Wannan shafin ma da fensir na rubuta shi. In kun ga sunan Alhaji Ashafa a ƙarshensa maimakon nawa, ku ɗaga jaridar a rana.