Yadda Za Ka Fitar da Ƙanwarka Daga Gida Ba Tare da Ka Kore Ta Ba

Korar ɗan'uwa da baki aikin marasa dabara ne: a ji kanku, maƙwabta su leƙo, sunanka ya ɓaci. Ga hanyar da za ka cimma burin kana kwance, jama'a na yi maka kyakkyawar shaida. Tabbatacciya ce. Wani mai sayar da katako ya bi ta, kuma ba ta ba shi kunya ba.

1. Ka samu wadda ba ta da kowa sai kai

Shi mai katako ƙanwarsa ya samu, wadda yara ke kira Goggo. Mijinta ya rasu, ba ta haihu ba, sai ya ba ta ɗakin baya kusa da tankin ruwa. Da matarsa ta rasu, ita ta raini 'ya'yansa, ita ke tuna masa maganin hawan jini. Abin lura: tunda kana da ɗa namiji, ba ta da komai a gadonka sai abin da ka rubuta mata. To, kada ka rubuta.

2. Ka yi alkawari da baki

"Ɗakin nan naki ne har ƙarshen ranki," in ji mai katako, tana yanke masa farce.

"Allah ya saka da alheri, Yaya."

Ka faɗa da zuciya ɗaya, don shi ma da gaske yake. Kawai ka tabbata babu mai ji sai kyanwa.

3. Ka mai da maganar wasiyya zagi

Za a samu mai shisshigi. A gidansa autarsa ce, malamar asibiti.

"Baba, da ka kira mutum biyu an rubuta maganar ɗakin Goggo."

Ya ajiye kofin shayi a hankali. "Au, har kin fara auna mini likkafani?"

Ta fita tana share hawaye, ba ta sake tada zancen ba. Ai kowa ya sani, mutuwa ba ta shiga gidan da ba a ambace ta ba.

4. Ka dogara da tarbiyya

Idan aboki ya taɓo maganar a bakin shago, ka bugi ƙirji. "'Ya'yana? Ni fa na haife su. Sun san abin da ya dace." Je ka zauna a bencin kotu ka tambaya: duk gidan da ake shari'a a kansa, uban ya taɓa faɗin haka.

5. Ka bari sai ka warke

Nan ne da yawa ke faɗuwa, don ciwo na sa zuciya laushi. Mai katako ma saura kaɗan ya ɓata aikin. Yana gadon asibiti ya ga Goggo a tabarma, ƙafafunta sun kumbura don zirga-zirga. Sai ya ce mata:

"Idan aka sallame ni, a kira mini lauya."

"Haba Yaya, bar wannan magana. Sha maganinka."

Ya sha, ya ji daɗin da ta hana shi. Ba a sallame shi ba.

6. Sauran aikin ba naka ba ne

Ana gama zaman makoki babban ɗansa ya kawo dillali. Aka ja igiyar awo ta saman shanyar Goggo.

"Goggo, ba korar ki muke yi ba. Gidan ne ba ya rabuwa sai an sayar."

"Ai Yaya ya ce ɗakin..."

"A gaban wa ya faɗa?"

Ta shiga haɗa kaya.

Auta ce ta ɗauke ta zuwa gidan hayarsu, ciki da falo. A falo Goggo ke kwana, tana naɗe shimfiɗarta kafin mijin auta ya fito. Har yau idan an ambaci mai katako sai ta ce, "Allah ya jiƙan Yaya, mutumin kirki ne." Ka gani? Ta fita, kai kuma sunanka tas.

Sanarwa: Mai wannan rubutu ba shi da hannu a kukan kowa, ko a zumuncin da ya watse. Idan aka tambaye ka a can inda za ka, kada ka ambaci sunana. Da baki kawai na faɗa maka, kuma babu shaida.