Manhajar da Ta Gaji Bakin Mai Ita

"...Lafiya lau, sai dai ganinka da sassafe ba ya zama alheri."

Haka Uffan ta amsa gaisuwar taubashinta Rediyo. Ni kuwa teburina na tsakaninsu a ofis, kullum ni ke shan hayaƙin. Shi ya rubuta sashen manhajarmu da ke ba da amsa idan saƙon sirri ya iso da matsala, ita ce mai dubawa. In ba ta amince yau ba, Oga ya rantse zai cire shi daga aikin.

"Haba 'yar kawu, danna amincewa mana. Aikin nan ko makaho ya shafa ya san na gwani ne."

"Gwanin surutu ba! Manhajarka ta gaji bakinka. Na tura mata saƙon bogi, ta ce makulli daidai, hatimi ne ya karkace. Na gyara hatimi, ta ce saura tsawon saƙon. Wannan mai gadi ne ko ɗan jagoran ɓarayi?"

"Tarbiyya ce! Ba na korar baƙo ba bayani."

"To ka shimfiɗa masa tabarma, ka kawo ruwa."

"Laifi tudu ne! Taki manhajar ta bara fa? Saƙo ya lalace, ta haɗiye ta yi gum, kamar ke ranar da kika fasa madubin Kaka. Muka yi ta lalube a duhu."

"Shiru ma magana ce."

"A gidanku."

"Daga gidan namu gyatumarka ta fito, iya bakinka."

Wallahi dariya ta ciyo ni, amma da na ga gumi a goshinsa sai ya ba ni tausayi. Ya ja kujera ya duƙufa kan gyara, har ya sauya tsarin manhajar. Na waje, komai laifin saƙonsa, amsa ɗaya tak zai samu: an ƙi. Dalili kuwa a ajiye shi a ciki, inda mu kaɗai ke gani.

"To ranki ya daɗe, kin amince?"

"An ƙi."

"Na shiga uku! Me kuma ya rage?"

"Ba a faɗa wa na waje dalili."

Ya leƙa allon kwamfutarta, ashe tuni ta danna amincewa. Ya fashe da dariya, ya tura mata kofin shayinsa da ko kurɓa bai yi ba.

"Sha, jarabar da kawu ya haifo mana."