Yadda Za Ka Sa Kwamfuta Gudu Ba Tare da Ka Gyara Komai Ba

Kai da ka yi kwas na mako shida a Kaduna, bi matakan nan, na rantse kafin Kirsimeti za a fara kiranka Injiniya. Wani Gilbert ya gwada su a 1996, da ya rubuta wa wani asibitin mishan a bayan Kafanchan furogiram ɗin nemo katin marasa lafiya.

1. Ɓata awon farko
Kowane gwajin gudu da awon farko ake kwatanta shi, don haka ka tabbata naka ya yi muni. Gilbert ya loda kati dubu tara, ya jira janareta ya fara tari, sannan ya sa Baba Jonathan, akawun da ke buga rubutu da yatsa ɗaya, ya nemo suna. Daƙiƙa casa'in. Ya rubuta da jan biro.

2. Ɓace na mako uku
Ka ce kana gyaran cikin furogiram. Gilbert a ƙauyen Nok ya yi nasa gyaran, yana haƙar cittarsa.

3. Sauke kaya kafin awo na biyu
Jakin da ba kaya a bayansa, doki ne. Kati arba'in Gilbert ya bari a ciki, ya zaɓi ranar da aka kawo wuta, ya buga sunan da kansa. Daƙiƙa biyu! Kwamitin asibiti ya tafa, Baba Rabaran ya yi addu'ar godiya.

4. Wulaƙanta mai tambaya
Sista Afiniki mai kula da ɗakin kati ta ce, "Oga Gilbert, wancan gwaji kati nawa ne, wannan kuma nawa?"
"Sista, ke allura kika karanta."
Ya sa aka kulle katunan takarda a sito.

5. Ranar riga-kafi, yi nisa
An mayar da kati dubu taran cikin furogiram, mata ɗari uku na kan layi, kwamfuta ta sandare a suna na shida. Nene, Bafulatana da ta tako daga ruga da ɗa mai zazzaɓi a goye, ta leƙo taga.
"Sista, akwatin ne ba lafiya ko yarona?"
Afiniki ta fasa kwaɗon sito da dutse, ta nemo katin da hannu, aka yi wa yaron allura. Gilbert tuni yana kan acaɓa.

Gargaɗi: in Rabaran ya kira sunanka a coci ranar Lahadi don ya tona maka asiri, uwarka na zaune a bencin gaba, kamar yadda aka yi wa Gilbert, ni ban san ka ba. Ko kwamfuta ban taɓa gani ba.