Rasuwar Mai Gurnani, Injin Yankan Itacena

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kafaɗar dama wadda ita kaɗai ta samu hutu a wannan rashi, nake sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da dukkan masu zuwa aro, rasuwar injin yankan itacena, wanda aka fi sani da Mai Gurnani. Ya cika yana bakin aiki, haƙoransa a cikin itace, kamar yadda ya rayu.

Ga wanda bai san inda aka kwana ba, da rani ni da maƙwabcina Dogo muka tsaya a bakin tsohuwar gonarsa, wadda ta zama daji har akuya ba ta shiga sai da rakiya. Na ce, "Dogo, ba ni wurin nan in yi sassabe in noma." Ya ce, "Ka share shi tas kafin ruwan farko, ka noma har ka gaji. In ruwa ya riga ka, in karɓi abina a share, ko sannu ba zan ce maka ba." Muka tafa. Shi ya dogara da sama, ni na dogara da marigayi. Yanzu ga hadari ya fara leƙowa ta gabas, gefen rafi duk yana tsaye da ƙayarsa, marigayi kuwa ya kwanta dama.

Marigayi mai kamun kai ne. Bai taɓa tashi da ja ɗaya ba, don ba shi da rawar kai. Sai ka ja igiya ya ce "tuf." Ka sake ja ya ce "tuf-tuf," kamar dattijo yana gyaran murya. Sai ka fara zagi a zuci, sannan ya ce "ɓarrr!" kaji su watse, kare ya shige ƙarƙashin baro. Shi ya yanka katakon rumfar aikina, da bencin da ke cikinta, da ƙyauren turken awaki. Bai taɓa cin yatsana ba, sai takalmi sau ɗaya, shi ma ni na kai masa.

Aibinsa guda ne: bai iya cewa a'a ba. Babu gidan da bai je aro ba a layin nan. Ya tafi a ƙoshe da haƙora masu kaifi, ya dawo da yunwa da dasashi, in zauna da magagari ina wasa masa haƙora ɗaya bayan ɗaya. Kafinta ya riƙe shi har na ɗauka ɗansa ne. Mai kaji ya dawo da shi da gashin kaza a hanci, har yau bai yi mini bayani ba. Dogo kuwa, shi ba ya cewa a ba shi aro. Cewa yake, "Ina yaronmu?"

Ajalinsa ya zo ta hannun mutumin kirki, wato mijin 'yata, tela, mai tsabta da kunya. Ya zo taya ni aiki, ya ga jarkar man marigayi, wanda nake haɗa fetur da man inji, domin a haɗe yake cin abincinsa tun yana sabo. Ganin kalar man ta yi duhu, sai ya ɗauka an cuci surukinsa da gurɓataccen mai. Kunya ta hana shi tambaya. Ya zubar, ya wanke jarkar, ya ciko ta da tsantsar fetur fari tas, ya ajiye inda ya same ta.

A ranar, marigayi ya tashi da ja ɗaya. Da ina da hankali, a nan zan gane bankwana yake yi. Ya yi gudun da bai taɓa yi ba, yana waƙa da siririyar murya. Muka shiga cikin babbar bishiyar da ke tsakiyar dajin, ya kai rabi, ya ce "kiiiii," ya ce "kak." Shi ke nan. Bishiyar ta zauna masa a kan takobi, wato dogon ƙarfen da sarƙar haƙoransa ke zagayawa, ta danne.

Surukin nawa ya durƙusa, kansa a ƙasa, ya ce, "Baba, na ga man ne kamar ba shi da kyau." Na ce, "Allah ya yi maka albarka." Me zan ce? 'Yata tana gidansa, kuma shi ke yi mini ɗinki kyauta.

Bakanike ya zo ya ja igiya, ta ƙi motsi. Ya sunsuna, ya cire hula, ya ce, "Maigida, sai haƙuri. Ya buga."

Marigayi ya bar ƙanensa gatari, wanda ya yi ta murna a ɓoye, da adda biyu, da baro mai ɗingishi, da tsohuwar sarƙa a rataye a ƙusa. Ya bar uwar yarana, wadda da na kai mata labari ta ce, "Ashe tsuntsaye na kuka a gidan nan?" Kowa da irin nasa juyayin.

Game da jana'iza, akwai 'yar matsala. Gawa tana nan a cikin bishiya. Bakanike ya ce a kwance noti biyu a ɗauko gangar jikin a bar takobin. Na ce ba a gabana ba, wanda ya yi wa jama'a hidima ba za a fitar da shi gunduwa-gunduwa ba. Sai an kayar da bishiyar. Kuma tunda ban san ta inda za ta faɗi ba, dole a share gabas da yamma, kudu da arewa, har bakin rafi, don kada a tozarta mamaci.

Saboda haka za a taru ranar Asabar da hantsi, a gindin bishiyar. Ba a karɓar gaisuwa a gida, ba a karɓa ta waya. Duk wanda marigayi ya taɓa kwana a gidansa ya zo da gatari ko adda. Kafinta zai ja gaba. Suruki zai kwashe ƙaya da hannu, an yafe masa safar hannu. Dogo, a matsayinsa na wanda ya fi kowa kusanci da marigayi, iyalai sun ba shi girman sara na farko, kuma na riga na faɗa a gaban mutane, ya ce to.

Bayan an fito da gawa za a kai ta shagon bakanike, inda za a raba kayan cikinta ga mabukata.

Bakanike ya samu gado. Uwar yara ta samu barcin rana. Ni na rasa aboki, amma in Asabar ta riga ruwa, na samu gona. Dogo kuwa ya rasa wurin aro, ya rasa gonarsa, kuma da gatarinsa zai zo. Allah ya ba shi haƙurin jure wannan rashi.