Yadda Za Ka Fitar da Motarka Daga Gareji Ranar Tsere

Da hantsi ne, ranar Lahadi, hadari ya haɗu amma ya ƙi zuba. A irin wannan lokaci ake kunna talabijin a gareji don kallon tseren motoci, aiki kuma ya kwanta. In motarka na ciki, bi matakan nan a hankali, na yi maka alkawari ba za ta kwana ba. Maƙwabcina Dogo ya gwada su, ranar da za a sallami matarsa da jaririnsu daga asibiti da la'asar, ga inji a buɗe, ga ƙofa a cire.

1. Ka san direbobin biyu

Kamfani ɗaya suke yi wa tuƙi, mota iri ɗaya, fenti iri ɗaya. 'Yan gareji na kiran ɗaya Barkono: a zagaye guda ba mai kama shi, amma yana cinye taya kamar da gayya. Ɗayan kuma Sanyi: ba ya gaggawa, yana lallaɓa taya, in ruwa ya sauka sai ka rantse an canja mutum. Kar ka nemi fiye da haka. Masu gardamar ma iyakar saninsu ke nan.

2. Ka san wa ke riƙe da me

Bakanike ɗan Barkono ne, injinka na hannunsa. Mai walda ɗan Sanyi ne, ƙofarka na hannunsa. Mota ba ta tafiya ba inji, mai jego kuma ba ta shiga mota ba ƙofa.

3. Ka yabi kowa a lungunsa

Dogo ya tsuguna kusa da bakanike ya ce, "Oga, ni dai ban taɓa ganin ƙafa irin ta Barkono ba."

"Ka ji mai hankali! Miƙo min sifana."

Ya zagaya wajen mai walda, ya yi ƙasa da murya. "Baba, Sanyi fa shi ne direba."

"Allah ya yi maka albarka. Ƙofarka yanzu-yanzu."

4. Kar ka yi ihu

A nan Dogo ya zame. Motocin kamar tagwaye suke, sai da hular kwano ake bambanta direbobin. Ɗaya ta sha gaban ɗaya a kwana, Dogo ya daka tsalle a gefen bakanike: "Yawwa! Ka ga direba!"

Ashe Sanyi ne ya wuce.

Bakanike ya ajiye sifana. "Au, haka ne?"

"Wallahi Oga, na ɗauka Barkono ne!"

Mai walda ya zare tabarau. "To, ashe ɗazu daɗin baki ka yi min."

Su biyun suka koma benci, suka harɗe hannu, ido a kan talabijin.

5. In ka rasa mafita, yabi masu canja taya

"Ni fa duk tseren nan," in ji Dogo, "masu canja tayar nan ke burge ni."

Ba wanda ya waiwayo, sai mai faci da ke duba tayar keke a bakin ƙofa. Wayar Dogo ta yi ƙara, surukarsa ce: "Mun haɗa kaya fa, kana ina?"

6. Ka kama bakinka

Mai faci ya tashi kamar zai ɗauko famfo, ya bi ta bayan talabijin. Hoto ya ɗauke. Kowa ya ɗora wa hadari laifi. Da abin kallo ya ƙare, sai gardama ta koma hannu: bakanike ya ce zai nuna musu saurin Barkono, mai walda ya ce a zo a ga aikin Sanyi, wanda ba a maimaitawa. Kafin la'asar inji ya tashi, ƙofa ta rufu tsaf.

Gargaɗi: in ka bi matakan nan motarka ta kwana, ba ruwana, ni keke gare ni. Kuma ba kowane gareji ke da mai faci ba. Na wannan garejin dai, Dogo ya wuce shi a guje yana ɗaga wa su Oga hannu. Shi kuwa mai facin ya bari ƙarar motar ta yi nisa, ya sunkuya ya mayar da wayar talabijin inda take, ya koma kan tayarsa.