Tumbin da Ya Ƙi Nutsewa

Mu 'yan Baftis muna da wata doka da ba a yi mana wasa da ita. In za a yi maka baftisma, sai an nutsar da kai cikin ruwa gaba ɗaya, daga tafin ƙafa har tsakar ka. Ko ɗan yatsanka ne ya leƙo waje, to wanka ka yi, sai a sake. Wannan doka ce ta kusa hana Zakka mai injin niƙa aure a ƙauyenmu, can wajen Kaciya.

Zakka ɗan Angilika ne tun haihuwa, yana jariri aka yayyafa masa ruwa a goshi, shi a ganinsa magana ta ƙare. Matarsa ta rasu, ya daɗe yana gwauro, sai Allah ya haɗa shi da Briskila, mai ba da waƙa a zumuntar matan cocinmu. An kai kaya, an sa rana, har an sayi akuyoyin biki. Sai Fasto Irmiya ya kira shi ya ce ba zai ɗaura musu aure ba sai an yi masa baftisma irin tamu.

"Fasto, ai an yi mini tun ina jariri," in ji Zakka.

"Wancan yayyafi ne, Baba Zakka. Mu nan nutso muke yi."

To, mai son aure ba ya musu da fasto. Zakka ya ce ko a rijiya ne a jefa shi.

Matsalar ita ce tsakiyar rani ake. Rafinmu ya ƙafe, saura wani ɗan gurbi a gindin dutse, ruwansa da ƙyar ya kai gwiwa. Shi kuma Zakka, Allah ya hore masa jiki. Tumbinsa kan riga shi shiga ɗaki, sai an gama gaisawa da tumbin sannan mai shi ya iso. Fasto Irmiya kuwa sabon fitowa ne daga makarantar tauhidi, siriri, in iska ta taso sai ka ji tausayinsa.

Ranar Lahadi bayan sujada, duk coci muka ɗunguma zuwa rafi. Zumuntar mata na buga tulu suna waƙa, Briskila a gaba tana ba da baiti cike da murna. A kan dutse kuma Dikin Filibus ya tsaya ya harɗe hannu. Shi ne babban dikinmu, wato dattijon da ke taimaka wa fasto, kuma shi ke tsayawa ya tabbatar mutum ya nutse kaf. Ni dai ban taɓa ganin mutumin da ke jin daɗin cewa "a'a" kamarsa ba.

Fasto ya ɗaga hannu ya yi addu'a, ya toshe wa Zakka hanci, ya kwantar da shi rigingine. Kai ya shige, kafaɗu suka shige, ƙafafu suka shige. Tumbi kuwa ya tsaya a sama yana sheƙi cikin rana, sai ka ce ƙwaryar da aka kife a kan ruwa. Aka ɗago shi, mata suka rangaɗa guɗa.

"Bai yi ba!" in ji Dikin daga kan dutse. "Tumbi yana waje."

Aka sake. Wannan karon Fasto ya sa hannu biyu ya danna tumbin da iya ƙarfinsa. Tumbi ya ɗan lotsa, sai ƙafafun Zakka suka yi tsalle sama, ya watsa wa mawaƙan coci laka a fararen rigunansu.

"Bai yi ba! Ƙafafu suna waje."

Wata tsohuwa ta ce a kifa shi rub-da-ciki mana. Aka kifa shi. Abin da ya fito sama a wannan karon, ba zan faɗa ba saboda ranar Ubangiji ce, amma zumuntar mata sai da suka rasa baitin da suke kai.

Nan fa ido ya raina fata. Zakka ya tashi zaune a cikin ruwa yana tari, yashi har cikin kunnensa. Briskila ta daina waƙa, ta sa bakin zani tana share ido, wallahi ta ba ni tausayi. Fasto ya dubi Dikin, ya sassauta murya.

"Baba Dikin, Ubangiji yana duban zuciya ne. Kowace gaɓa tasa ta shiga ruwa, ko da ba lokaci ɗaya ba."

"Fasto, mu ba ma baftisma kashi-kashi," in ji Dikin. "A ɗaga bikin sai damina ta sauka, rafi ya kawo, a nutsar da shi yadda ya kamata. Kuma bari in faɗi gaskiya a gaban ikilisiya. Duk jikin mutumin nan babu inda ya fi bukatar baftisma kamar tumbin nan. Kowa ya san abin da ya gina shi, burukutu ne!"

Jin haka, har mai buga tulu ta ɗauke hannu. Zakka ya share fuska, ya tofar da yashin da ke bakinsa, ya ɗaga kai ya dubi kan dutse.

"Gaskiyarka, Dikin. Amma naka tumbin ai a tsakiyar damina aka nutsar da shi, ya shige kaf, kowa ya shaida. To yaya aka yi kowace ranar kasuwa yake riga nawa isa gidan burukutu?"