Baki Biyu a Muntaza

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na yi yaren Caina, ni da ko sunana ban iya rubutawa ba. (Hajara maƙwabciyata ce ke rubuta mini wannan. Na ce kada ta gyara komai, kunyar tawa ce.)

Bayan na fita takabar Malam, ɗana Auta ya ɗauko ni daga Funtuwa ya kawo ni Doha, unguwar Muntaza. Shi kaɗai ya rage mini. Direba ne, wani ɗan Caina yake tuƙawa, kuma sai ubangidan nasa ya sa hannu a wata takarda kafin a ƙara mini kwanakin zama. In bai sa ba, sai in koma gidan da ba kowa sai tabarmar Malam.

Auta yana koyon yarensu a waya. Wata mata ce ke bayani da Turanci, shi kuma yana maimaitawa. Ni ba Turanci, ba yaren Caina, amma kunne Allah Ya ba ni.

"Inna, su ba sa ƙirga abu haka kawai," ya ce mini. "Saniya da kai ake ƙirga ta, su ce tou. Mutanen gida kuwa da baki, su ce kou."

"Da baki?"

"Bakin da ke cin tuwon gidan."

Abin ya shiga raina. Na tambaye shi yadda suke cewa biyu, ya ce liyang. Na tambaye shi mu, ya ce wo-man. Na haɗa kalmomin ni kaɗai ban gaya masa ba. Kwana shida ina bita ina wanke-wanke. Nufina in ce musu baki biyu muka rage a duniya, ko su ji tausayi.

Ranar Juma'a ubangidan ya zo da matarsa yi mini gaisuwa. Auta ya sayo dabino mai kyau a kasuwar Suk Wakif, ya goge ɗaki har sau biyu.

"Inna, ke dai murmushi kawai. In sun sha shayi zan kawo maganar takardar."

Na ce to. (Hajara, rubuta cewa na ce to.)

Suna ɗaga kofi na kamo hannun Auta, na ɗora a ƙirjina, na ce da ƙarfi, "Wo-man liyang kou!"

Suka tsaya da kofi a hannu. Na ɗauka ba su ji ba, na sake, har da jinjina kai.

Shayi ya sarƙe matar. Ta rufe baki, kafaɗunta na rawa. Mijin ya kafa wa dabino ido kamar yau ya fara ganinsa.

"Inna," Auta ya ce ƙasa-ƙasa, "khalas, ya isa haka, don Allah. Baki biyu a wurinsu miji da mata ne."

Tsofai-tsofai da ni, na aure ɗan cikina a gaban baƙi!

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Amma sai maganar ta juyo mini. Ashe tun ina yarinya ni da Malam muke baki biyu, kwano ɗaya, ban san sunan abin ba sai da bakin ɗaya ya shiga ƙasa. Na fashe da kuka, irin wanda ko ranar jana'iza ban yi ba, har da majina. Matar ta daina dariya, ta yi ta miƙo mini hankici. Mijin ya duba agogo. Suka tafi, Auta bai samu bakin kawo maganar takarda ba.

Washegari suka yi tafiya ƙasarsu, sai bayan wata biyu. Kwanakina kuwa jibi za su ƙare. Auta ya ce ba laifina ba ne, amma ba ya kallona in zai faɗa.

Na ɗaure kayana. A Funtuwa baki ɗaya ne zai ci tuwo, kuma na koyi darasina a makare: bakin da mutanen Caina ke ƙirgawa na cin abinci ne. Ba wanda ya ce a yi magana da shi.